Lomar Farko a Zauren Alhaji Yari

Talata, 7 ga Maris 1989, bayan la'asar

Na dawo daga Kwatano. Jirgin ƙasa zuwa Paraku, daga can mota har Malanbil, jandarma na tsaida mu kowane gari kamar mun sato hanyar ne. Lakol a rufe take tun da mu malamai munka shiga yajin aiki. Ba ni da allo, ba ni da yaran da zan yi wa tsawa, to bari in riƙa rubutawa nan.

Na je karɓo sakamakon ɗan naman da anka tsinko daga maƙoshin Baba a watan jiya. Tun kaka abinci ke tsaya mashi a ƙirji. Da fari nama ne, sannan shinkafa, yanzu har tuwo sai da rakiyar ruwa.

Likitar da ke duban nama mace ce 'yar kudu, ga tabarau, ga gajiya. Ta faɗi sunan ciwon da Faransanci. Na san kalmar. Ba zan rubuta ta ba. Ƙari ne a hanyar abinci, ya yi ƙasa, ya kama maƙwabta, wuƙa ba ta da abin yi a wurin. Abin da ya rage, in ji ta, shi ne a huda ciki a sa tiyo a riƙa ɗura mashi kunu.

Da ta ji ni malamin lakol ne, sai ta ce in zo in leƙa madubinta mai ƙara girman abu. Na leƙa. Na ga wasu abubuwa manya-manya, ja-ja, ba tsari. Ta ce su ne ciwon. A gefensu da tsakaninsu kuma ga wasu ƙanana, shuɗi-shuɗi, birjik, kamar irin albasa da anka watsa a fangali.

"Waɗannan na mahaifinka ne," ta ce. "Ƙwayoyin jininshi ne masu tsaron jiki. Sun gane akwai ɓarna, sun taho har cikin ƙarin."

Na ce, to suna cin galaba?

Ta ce, "Madubi shina nuna mani sun zo. Ba ya nuna mani abin da suke yi. Nashi suna da yawa, kuma waɗanda nasu ke da yawa wani lokaci sukan ɗan ƙara daɗewa. Iyakar abin da zan iya ce maka ke nan."

Na yi godiya, na fito, na sayi burodi da wake a bakin ƙofar asibitin na cinye tas. Ban ji komi ba. Har yanzu ban ji ba.

Laraba, 8 ga Maris, da hantsi

Na faɗa masu. Ban faɗi sunan ba, su ma ba su tambaya ba. Inna na tankaɗe, ƙanwata Habsatou na tsintar shinkafa, Baba na kan buzunshi shina jan tasbaha.

Maganar tiyo ko ƙarasa ta bai bari na yi ba.

"Ni Yari, a yi mani ƙofar baya in riƙa ci a ɓoye kamar ɓarawo? Rufe wannan."

Sai na ba su labarin ƙananan nan na madubi, don ba ni da wani abin da zan ba su. Inna ta aje rariya. "Nashi ne? Na jikinshi?" Na ce i. "Kuma suna da yawa?" Na ce da idona na gani, birjik. Ta ce alhamdu lillahi, ta ɗauki rariya ta ci gaba, amma da sauri yanzu.

Baba ya ce, "Mushe, yaushe azumi?" Haka duk gari ke kiran malamin lakol, shi kuwa sai in shina son tsokana. Na ce farkon watan gobe in Allah ya kai mu.

"To. In munka kai azumi mun huta. Ba kwanon Juma'a cikin azumi."

Abin da ke gabanshi ke nan. Na taho mashi da labari tun daga bakin teku, shi kwanon Juma'a ya dame shi.

Juma'a, 10 ga Maris, bayan la'asar

Kasuwa ta ci. Kamiyo-kamiyo, manyan motocin albasa, jere tun daga gada har ofishin duwan masu karɓar kuɗin fito, ana ciniki da Dandanci ana rantsuwa da Hausa. Zaure cike da baƙi, na Gaya, na Kamba, na Gene, da manoman Garu.

Baba fatoma ne, kamar ubanshi. Baƙo shi sauka gidanmu, a aje mashi kaya, a nemo mashi mai saye, a ba shi tabarma da tuwo. Kuma gidan nan na da doka tun zamanin kakana, lokacin da fatake ke tsoron sammu a tuwon gidan da ba su sani ba: bayan sallar Juma'a in anka kawo babban kwano, ba mai sa hannu sai maigida ya yi lomar farko ya haɗiye gaban kowa. Tsoron sammu ya daɗe da mutuwa, dokar ta rage, ta koma abin raha. Kowa sai shi zuba wa zakaran wuyan Baba ido. In ya hau ya sauka, sai tsoho Ɗan'iya na Garu, wanda ya fi kowa daɗewa shina sauka gidan nan, shi ce, "Ta wuce!" A yi dariya, a afka wa tuwo.

Tun ina yaro nike ganin wannan, ban taɓa lura aiki ne ba.

Yau Baba ya yanki loma 'yar ƙarama, ya daɗe shina juya ta cikin miya. Da gangan Inna ta yi miyar kuɓewa mai yauƙi. Ya kai baki. Ya tauna abin da ba ya bukatar tauna. Ya bi da ruwa. Zakaran wuya ya hau, ya tsaya, ya sauka.

"Ta wuce," in ji Ɗan'iya.

Anka ci. Wani ɗan Kamba ya ce tuwon gidan Alhaji ya ƙara laushi bana.

Lahadi, 12 ga Maris, da magariba

Kasuwa ta watse. Gari na warin ruɓaɓɓiyar albasa. Zafi.

Talata, 14 ga Maris, da azahar

Inna ta samu aikin yi. Ta aiki Habsatou mahauta ta sayo hanta, ta dafa, ta daka, ta tace ruwan da farin ƙyalle. Jiya zogale ne. Shekaranjiya romon kifi. Ba ta ce mashi ka sha, sai ta ce, "Alhaji, a ba yaran nan su ji ƙarfi." Yaran nan, wai ƙwayoyin da na gani a madubi. Ta maida su 'yan ƙwadago ko jikoki, ban sani ba.

Shi kuwa sai shi sha dominta. Rabin abin shi dawo cikin tasar da ke ƙarƙashin gado. Ni ke zubarwa don kada ta gani. Ta sani. Ita ke wanke tasar.

Ɗazu ta tambaye ni, "Jabiru, su mi sunka fi so?" Ni da na yi shekaru ina zana wa yara hanji da huhu a allo, na tsaya ina kallonta kamar ɗalibin da bai yi tilawa ba. Na ce hanta ta yi. Wallahi ban sani ba.

Alhamis, 16 ga Maris, da yamma

Abokan aiki sun zo kirana taro, wai za a tsaida shawara kan yajin aiki, a gidan wani a ɓoye saboda soja. Na je. Kowa na kumfar baki. Anka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, na ɗaga. Da na fito na tambayi kaina mi na goya wa baya, ban tuna ba.

Juma'a, 17 ga Maris, bayan la'asar

Tuwon yau cokali ya dace da shi. Manyan mutane da gemunsu suna kwasar talge da yatsu.

Lomar ta daɗe. Na ji kukan jaki daga bakin kasuwa, na ji rediyon maƙwabta na cewa ma'aikata su koma bakin aiki ko su gani. Jijiyoyin wuyan Baba sun tashi. Idonshi ya kawo ruwa.

Ta wuce.

Na ci na ƙoshi, har na ƙara. Mi ke damuna ne?

Asabar, 18 ga Maris, da safe

Habsatou ta tare ni bakin rijiya da guga a hannu.

"Yaya, ni ba Inna ba ce. Faɗa mani sunan."

Na faɗa mata da Faransanci, a hankali, ko Allah ya sa ta kasa ganewa. Ta yi lakol, ta gane.

"Daji ke nan," ta ce.

Na ce ita ta faɗa, ba ni ba.

"To yaran nan na Inna, akwai su da gaske, ko kai ka ƙirƙiro don ta samu abin riƙewa?"

Na rantse mata akwai su. Na duƙa na zana mata a ƙasa da tsinke, manya a tsakiya, na ɗiɗɗiga ƙanana kewaye da su da cikinsu. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Da yawansu haka, mi suke jira?" Ta jefa guga. Kaza ta zo ta tone zanen.

Litinin, 20 ga Maris, bayan azahar

Na fito da Baba gindin dogon yaro shi sha iska. Ya rame, wuyan riga na yawo a kafaɗarshi.

"Mushe, sake faɗa mani. Ina ka gan su, bakin ƙofa ko ciki?"

Na ce wasu a gefe, da yawa a ciki, tsakiyar ƙarin.

"Suna ciki, shi kuwa shina ta girma."

Na ce likita ba ta ce haka ba. Ya ce ba likita ya tambaya ba, maƙoshinshi ya tambaya. Sai ya yi dariya, ɗan abin da ya rage mashi na dariya.

"An ba su masauki."

Ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Shekarar da anka samu mulkin kai, ruwan sama ya shiga rumfar kakana ya ruɓar da albasar mutanen Garu da ke ajiye wurinshi. Sunka yo gayya da sanduna za su fasa gida. Kakana ya fito da fara'a, ya ce rana ta yi zafi, a sha ruwa tukuna. Anka shimfiɗa tabarmi. Anka kawo fura, anka kawo tuwo, ya yi lomar farko. Kafin la'asar sanduna na jingine da bango, masu su na taya shi loda wa wani baƙo kaya a mota.

"Wanda yac ci tuwonka ba ya ɗaga maka sanda," ya ce. "Wannan abin da ke wuyana fatoma na, Jabiru, kuma ya fi ni iya sana'ar. Sun zo faɗa, ya ba su tabarma. Uwarka kuwa tana ta aika masu da hanta."

Na ce kada shi kuskura shi faɗa wa Inna haka. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne.

Na ji haushi, ban san na wa ba. Na ce to ke nan duka sun zauna, a bar maganar. Ya ce a'a. Ran nan mutum guda ya ƙi zama. Saurayi ne, ya tsaya bakin zaure cikin rana da sandarshi, ko ruwa bai kurɓa ba, ya ce shi ba yunwa ta kawo shi ba, albasar ubanshi ta kawo shi. Bai gusa ba sai da kakana ya fito ya amsa laifi gaban jama'a.

Na ce wane ne?

"Ɗan'iya mana. Wa kake tsammani?" Ya shafa wuyanshi. "Gayya ba ta rasa guda mai taurin kai. A cikin nawa ma akwai shi, ina jin shi, shi ke riƙe mani ƙofa har yanzu. In yak kai ni azumi, ya biya ni."

Laraba, 22 ga Maris, da hantsi

Fura ta wuce. Kunu bai wuce ba. Haka muke ba juna labari yanzu ni da Habsatou, ko ina kwana ba mu yi.

Juma'a, 24 ga Maris, bayan la'asar

Baba ya yi wayo. Ina zaune dama da shi, na gani. Ya tura lomar cikin kunci, ya haɗiyi iska, zakaran wuya ya hau ya sauka sumul kamar da.

Ɗan'iya na kallon tabarma.

Can wani ɗan Gaya ya ce, "Ta wuce," anka ci. Ɗan'iya bai sa hannu ba, ya ce cikinshi ba daɗi. Baba ya zauna da tuwo a kunci har anka share kwano, shina amsa hira da kai, sannan ya shiga gida ya tofar bayan randa.

Bai dube ni ba, ban dube shi ba. Da ya kwanta ya ce, "Saura guda."

Asabar, 25 ga Maris, bayan azahar

Na iske Ɗan'iya cikin kasuwa shina ɗinke bakin buhu. Da faɗa na je. Na ce, "Baba Ɗan'iya, mi zai rage ka da shi in ka buɗe baki ka faɗa? Mutum na fama da ranshi, kai kana fama da gaskiya? Juma'a guda ta rage, ka rufa mashi asiri mana."

Bai bar ɗinki ba. "Tun kana goye nike faɗin ta wuce, ban taɓa faɗi ba ta wuce ba. Yanzu da furfurata zan fara yi wa Yari ƙarya cikin zaurenshi?"

Na ce ai dominshi ne.

"Dominku na. Kowa a zauren nan ya san tuwon na kunci. Shi ma ya san mun sani. Kun zaunar da babban mutum shina wasan yara gaban waɗanda ke ganin girmanshi, kun ce jinƙai." Ya ja zare ya tsinke da haƙori. "Gidan da ke da ɗa zaune dama ga kwano, mi ya kai maigida ga ɓoye tuwo a kunci? Kai ne ba ka son lomar, Mushe."

Na ce mashi tsohon banza mai taurin kai. Gaban mutane na faɗa. Ya ce, "Kakanka ma haka yac ce."

Na taka har gada na tsaya ina kallon yadda ruwa ya ja baya, sojan da ke gadi ya kore ni. Gaskiya tsohon ya faɗa. Ba na son lomar. Ranar da na ɗauke ta, na yarda ke nan da abin da likita ta ce.

Talata, 28 ga Maris, da la'asar

Ruwa ma sai kurɓi-kurɓi, shi ma sai shina zaune a miƙe. Na sake tada maganar tiyo. Ya ce in na ƙara zai sa Habsatou ta kore ni da muciya.

Inna ta bar sayen hanta. Ɗazu na ji ta a madafa tana tambayar Habsatou ko yaran nan sun gaji ne. Habsatou ta ce, "Suna nan, Inna." Inna ta ce, "Allah shi saka masu, sun yi ƙoƙari."

Zafi.

Alhamis, 30 ga Maris, da magariba

Baƙi sun fara sauka. Ɗan'iya ya zo, ko kallona bai yi ba, ya shige ɗakin Baba. Sun daɗe. Ban ji abin da sunka ce ba, dariya dai na ji.

Juma'a, 31 ga Maris, bayan la'asar

Baba bai je masallaci ba. Amma da munka dawo mun iske shi cikin farar rigarshi ta salla, wadda ta yi mashi yawa yanzu. Ni da Ɗan'iya munka riƙo shi har zaure.

Anka kawo kwano. Da anka buɗe sai ga tuwo na sosai, mai tauri, irin na da, da miyar kifi. Ashe Baba ne ya sa Inna ta tuƙa haka.

Ya wanke hannu. Ya yanki loma babba, irin wadda shike yi ina yaro, ya mulmula ta, ya yi mata rami da babban yatsa, ya ɗebo miya. Na ce a raina, wannan ko kunci ba ya ɓoye ta.

Sai ya miƙo mani.

"Mushe, baƙi na jira."

Ban karɓa ba. Miya na bin yatsunshi tana ɗiga kan farar rigar. Na ce, "Baba, ta yau kaɗai ta rage, azumi ya zo."

"Na sani. Mai riƙe mani ƙofa ya kawo ni har nan, ya isa. Ba a barin mutum tsaye cikin rana har abada. Karɓi."

Na karɓa. Na kai baki. Tuwon Inna ne, na ci irinshi tun ban san kaina ba, kuma ba abin da ke damun maƙoshina. Ya ƙi wucewa. Duk abin da ban ji ba tun Kwatano ya taso ya tsaya wuri guda da lomar. Ubana zai mutu. Ina kuka gaban 'yan albasa, baki cike, ga idanu duka kan wuyana. Ashe haka wurin nan shike ga mai zama cikinshi.

Ba wanda ya yi gaggawa. Sunka jira ni kamar yadda sunka riƙa jiran shi.

Da ta sauka na dubi Ɗan'iya. Sai ya juya ga Baba.

Baba ya daɗe shina kallon wuyana, kamar shina duban kaya kafin shi sallama.

"Ta wuce," ya ce. "Bisimilla, ku ci."

Ɗan'iya ne ya fara sa hannu.